Ka juya ko ki juya: bitar manhajar kwatance mai tambayar jinsi kafin ta nuna hanyar Harami

Manhajar da muke bita ta wani kamfanin jigilar masu Umra da Hajji ce mai ofis a Jidda, wanda yawancin baƙinsa daga Najeriya da Nijar suke zuwa. Tun a masauki ake sa wa mutum ita a waya. Aikinta ta kai shi Harami ta dawo da shi, a Makka da Madina, sannan a kwanakin Hajji ta nuna masa tantinsa a Mina. Tana magana da Hausa da Larabci da Faransanci. Da an buɗe ta, tun kafin ta nemi suna, tambaya ɗaya take yi: namiji ko mace? Kan wannan amsa aka ɗora duk abin da zai biyo baya.

Wanda ya ce namiji ne, taswira za ta fito masa, arewa a sama, ga kibiya, muryar kuma ta ce, "Ka nufi arewa maso gabas, mita 350." Wadda ta ce mace ce, taswirar sai ta koma ƙarama a lungun allo, hotuna su jeru ɗaya bayan ɗaya, muryar ta ce, "Ki miƙe har ki ga gada a sama, ki bi ta ƙarƙashinta. Kantin magani mai koren allo zai zo ta hannunki na dama, ki sha kwana a nan." Hanya ɗaya ce, daga unguwar Misfala ta titin Ibrahimul Khalil zuwa harabar Harami, kwatancen ne aka raba biyu.

Hukuncinmu tun da wuri: manhajar ta cancanci zama a wayar baƙo, kuma tambayar jinsin tana da dalili. Matsalar ita ce an kashe ƙarfi wajen amfani da amsar a inda ba ta da nauyi sosai, aka yi sakaci da ita a inda take yanke hukunci tsakanin isa da yawo.

Masu manhajar ba daga iska suka ɗauko rabon nan ba. A 1994 Carol Lawton, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta tambayi ɗalibai yadda suke gane hanya. Mata sun fi cewa suna bin kwana bayan kwana da alamomin gefen hanya, maza sun fi cewa suna riƙe da inda gabas da yamma suke a ransu, kuma mata sun fi ambaton fargabar ɓacewa. A 2002 Deborah Saucier da abokan aikinta a Kanada suka fitar da mutane waje suka ba su kwatance iri biyu: maza sun fi yin kyau da na kusurwa da nisa, mata sun fi yin kyau da na alamomi. Wannan gaskiya ne, amma matsakaicin jama'a ake magana, kuma rukunin biyu sun shiga cikin juna sosai. A kowace motar masu Umra akwai matar da ta fi dukan mazan ciki riƙe kusurwa, akwai kuma alhajin da idan ba ka ce masa "bayan masallacin nan mai hasumiya ɗaya" ba, har gobe yana nan yana juya waya.

Bincike mafi girma a kan batun ya zo ta wasan waya mai suna Sea Hero Quest, wanda aka saki a 2016 don nazarin cutar mantuwa. Sakamakon da Antoine Coutrot da Hugo Spiers da sauransu suka wallafa a 2018 ya fito ne daga mutane fiye da miliyan biyu. Maza sun ɗan fi a matsakaici, amma tazarar tana bin yanayin ƙasa: inda mata suka fi samun ilimi da aiki da damar fita, tazarar ta ragu. Shekaru kuma suna cin ƙwarewar gane hanya a hankali, ga mace da namiji duka. Wannan ya kamata ya tsaya wa masu manhajar a rai, tunda rabin kujerun jirgin alhazai dattawa ne ke kai. A Saudiyya mata sun fara tuƙi a watan Yunin 2018, kuma tun 2021 aka fara barin mace ta yi rajistar Hajji ba tare da muharrami ba. Yarinyar da ta tashi a Shara Mansur a Makka, take tuƙa kanta zuwa unguwar Aziziyya kullum, ba hotunan kantin magani take buƙata ba. Kawunta da ya sauka daga ƙauye jiya shi ne mai buƙatarsu, kuma shi manhajar ta miƙa wa kamfas.

Akwai abin da binciken Amurka da Kanada ba zai gaya wa mai zana manhajar Hausa ba. A wurinmu gabas da yamma ba ilimin maza ba ne. Tsohuwa a tsakar gida za ta ce wa jikanta ya ɗauko buta a kudu da rijiya, ko ta ce a ja tabarma arewa kaɗan. Mai salla sau biyar a rana ba ta rasa sanin inda gabas take. To amma nan tarkon yake. A bakin Bahaushe "gabas" ita ce alƙibla, wanda ya ce zai kalli gabas salla yake nufi. A Madina kuwa alƙibla kudu take. Idan muryar manhaja ta ce wa alhaji a harabar Masallacin Annabi (SAW) ya nufi gabas, akwai yiwuwar ya juya inda sahu ke kallo, ya yi kudu, alhali ɓangaren Baƙi'a aka tura shi. A Makka abin ya fi rikicewa, don a kewayen Ka'aba kowane ɓangare alƙibla ne ga wanda yake tsaye a can. Shi ya sa makuwa ke kama mutanen da a garinsu ba su taɓa ɓata ba, su ce gari ya juye musu. Yanayin maza na manhajar ya dogara kacokan kan kalmomin nan huɗu ba tare da ya lura da wannan ba. A Madina gyaran mai sauƙi ne, a daina cewa gabas da kudu, a ce "alƙibla ta zama a hannunka na dama" ko "ka ba alƙibla baya." Kowa ya san inda take, tunda yanzu ya sallame.

Yanayin mata ya fi inganci, kuma a ganinmu shi ya kamata ya zama na kowa tun farko. Sai dai alamomin da aka zaɓa suna da rauni uku.

Na farko tsayi. An ɗauki hotunan a lokacin da titi yake fili, da kyamara a daidai idon mai ɗauka. Bayan sallar isha, a cikin cunkoson da ke fitowa daga Ƙofar Sarki Fahd, macen da ba ta da tsayi ba ta ganin komai sai bayan mutane. Duk alamar da ke ƙasa da kan jama'a ta ɓace mata, ko rumfa ce ko akwatin shara ko allon ƙofar kanti. A nan ne bambancin mace da namiji yake da tasiri na zahiri, don a matsakaici mata sun fi gajarta. Alamar da za ta yi aiki sai wadda ta kai kamar mita uku zuwa sama: gada, lambar ƙofa da ke can bisa baka, sunan otal mai fitila, hasumiya. Manhajar ta dace a wurare da dama, ta kuma kuskure a wasu, musamman cikin lungunan Misfala inda aka yi ta kwatance da masu sayar da dabino.

Na biyu maimaituwa. "Kantin magani mai koren allo" ba ɗaya ba ne a titin, haka masu sayar da jallabiya da carbi. Alama tana da amfani ne idan babu irinta a tsakanin kwana biyu. A Madina wannan ya fi muni. Harabar masallaci tana da lema 250 iri ɗaya, kuma suna buɗewa suna rufewa. Hoton da aka ɗauka da hantsi, lemomi a buɗe kamar rufi, bai yi kama da wurin ba bayan magariba, lokacin da suka naɗe suka koma ginshiƙai. Hajiya za ta dubi allo, ta dubi gabanta, ta rantse ba nan ba ne, alhali tana tsaye a kan wurin. Kowace alama tana buƙatar hoto biyu, na rana da na dare, manhajar ta zaɓa da agogo. Ba a yi haka ba.

Na uku komawa. Manhajar tana juya jerin hotunan ne kawai ta mayar da dama hagu. Amma hoton an ɗauke shi da fuska tana kallon Harami, mai komawa kuma bayan ginin yake gani. Yawancin ɓacewa a dawowa ake yinta, mutum ya gaji, ƙafa ta yi nauyi, an kuma fitar da shi ta wata ƙofar dabam da wadda ya shiga. Kwatancen komawa aiki ne mai zaman kansa, a tsaya a kowace kwana a ɗauki hoto ta fuskar mai tafiya masauki.

Abu ɗaya da suka yi da basira shi ne hasumiyar agogo. Tsayinta mita 601, ana hangenta daga nesa, tana daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz, ƙofa ta 1. Da yawa suna ɗauka ganinta ya isa, amma fuskokinta huɗu ne, kuma ga baƙo duk kamarsu ɗaya. Tana gaya maka inda Harami yake, ba ta gaya maka ta wane gefe kake ba. Manhajar ba ta cewa "nufi agogo" a wajen komawa, cewa take "agogo ya zama a bayanki, ya ɗan karkata ta kafaɗarki ta hagu." Wannan jumla ta haɗa alama da kusurwa wuri ɗaya, tana yi wa mai bin hoto aiki, tana yi wa mai bin taswira. Abin mamaki, a yanayin mata kaɗai aka sa ta.

Yanzu ga inda tambayar take da nauyin gaske. Na farko harshen kansa. A Hausa, wajen yi wa mutum kwatance, sau da yawa sai ka san ko "ka" za ka ce ko "ki", Larabci ma yana raba namiji da mace. An naɗi muryoyin biyu daidai, babu inda aka ce wa Hajiya "ka tsaya." Da an ƙara zaɓin "ku," da ya fi, don waya ɗaya sau da yawa mata biyar ko shida take jagoranta, kowacce ta riƙe gefen hijabin ta gabanta, kuma dattijo ma ya fi jin daɗin a ce masa "ku juya."

Sai ƙofofi. A Madina wuraren sallar mata suna ɓangaren arewa ta gefen gabas da ta gefen yamma, da ƙofofinsu dabam, irin ƙofa ta 25 da matanmu suka sani sosai. Maza masu zuwa gaisuwa ta Babus Salam, ƙofa ta 1, suke shiga. Shiga Rauda da izini ne daga manhajar Nusuk, lokutan mata dabam da na maza. Manhajar da muke bita ta san wannan rabin sani. Idan mace ta zaɓi "masallaci" tana kai ta ƙofar mata mafi kusa, wannan daidai ne. Idan ta zaɓi "Rauda" kuwa, sai ta ja layi kai tsaye zuwa koren ƙubba, wanda ke kusurwar kudu maso gabas, alhali jerin gwanon masu izini a wani wuri jami'ai ke tsayar da shi, kuma wurin kan canza daga lokaci zuwa lokaci. Wadda ta bi layin nan za ta isa inda askar, wato mai tsaron wurin, zai ɗaga mata hannu ya nuna mata baya, ta sake zagaye harabar cikin rana, lokacin izininta yana ƙarewa. Abin da ya dace shi ne ma'aikacin kamfanin a Madina ya riƙa sabunta wurin taruwar da hannu duk safiya. Aikin minti biyu ne.

A Makka rabon ya juya, namiji ne ke fuskantar shinge. A 'yan shekarun nan filin ɗawafi na ƙasa a mafi yawan lokuta na masu Umra ne, kuma harami a jiki ake dubawa. Namijin da ya zo da jallabiya don ɗawafin nafila sama ake tura shi, mace kuwa ba ta da tufafin harami na dabam da za a gane. Ke nan miji da mata da suka fito daga ɗaki ɗaya suna iya samun kansu a bene dabam. Manhajar ba ta tambayar namiji ko yana cikin harami, don haka tana kai shi ƙofar da za a mayar da shi. Tambaya ɗaya ce mai amsa e ko a'a, kuma ta fi "arewa maso gabas" amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma babu wurin da za a sa mahaɗa. Duk wanda ya san Harami zai ce wa ma'aurata su tsayar da lambar ƙofa ɗaya tun kafin shiga, ko 79 ko 100 ko 1, su ce nan za a haɗu bayan salla da rabin awa, a waje, daga gefe, ba a bakin ƙofa ba inda ba a barin tsayuwa. Manhajar tana iya ajiye wannan a wayoyin biyu, ba ta yi.

Makewayi da wurin alwala, waɗanda a harabar masallatan biyu yawancinsu a ƙarƙashin ƙasa suke, an raba su daidai, kuma ana nuna wanda ke da lif ga mai keken guragu. A Safa da Marwa muryar tana sanar da namiji idan ya iso koren fitila inda ake sassarfa, mace kuma ba a ce mata komai, tana ci gaba da tafiyarta. Wannan ya yi. Ƙirga zagayen ɗawafi da na sa'ayi kuwa kada a dogara da shi. Carbi mai ƙwaya bakwai ya fi shi gaskiya, dalilin yana cikin abin da ke tafe.

Komai kyan kwatance, sai waya ta san inda take. A fili, GPS na waya yana kuskuren kamar mita biyar. Tsakanin dogayen otal-otal na Ajyad da Ibrahimul Khalil siginar tauraron ɗan Adam tana dukan bango kafin ta iso, sai shuɗin ɗigon da ke nuna inda mutum yake ya yi tsalle zuwa ɗaya gefen titi ko cikin gini, kuskuren ya kai mita gommai. A cikin ramukan dutse da motocin salawat, masu kai mutane salla Harami, ke bi daga Kudai da sauran unguwanni babu siginar sam. A cikin masallaci ma haka, kuma GPS ba ya sanin bene. Wayoyi masu tsada suna da ma'aunin nauyin iska, wanda ke sauya kamar hektofaskal ɗaya a kowane mita takwas na hawa, da shi ake hasashen bene. Yawancin wayoyin da alhazanmu ke riƙewa ba su da shi. Manhajar ta yi abin da ya dace a nan, tana tambaya kai tsaye, "Kina ƙasa ne, ko hawa na ɗaya, ko rufi?" Gara tambaya da hasashen ƙarya. Matambayi ba ya ɓata, ko da waya ce.

Idan siginar ta ɗauke, manhajar tana komawa ƙirga taku, kuma a nan aka sake cusa jinsi inda bai isa ba. Ta ɗauki takun namiji santimita 76, na mace 67, alƙaluman da na'urorin ƙirga taku suka saba amfani da su. A yi lissafi. Tazarar mita 400 a wurin manhajar taku 597 ce ga mace. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko kowa a cikin cunkoso, takunta ba ya wuce santimita 50. Bayan taku 597 mita 298 ta yi. Muryar za ta ce "kin iso" saura mita ɗari, ta tsaya tana dube-dube a gaban otal ɗin da ba nata ba. Tsayin mutum da shekarunsa da yawan jama'a su ne ke yanke tsawon taku. Akwai wurin gyara wannan can cikin saiti, a ƙarƙashin "tafiya," inda ake shigar da tsayi ko a yi taku ashirin a auna. Ba wanda zai gano shi sai an nuna masa. Lokacin isa ma haka yake, an lissafa shi kan kusan kilomita biyar a awa, saurin matashi a titin da ba kowa. Bayan sallar Juma'a a ninka abin da allo ya nuna, sau biyu aƙalla.

Kibiyar kamfas tana da nata ciwon. Ma'aunin maganadisu ne ke juya ta, ƙarfen gini da matakala mai tafiya da kanta suna karkatar da shi, haka ma murfin waya mai maɓallin maganadisu, irin wanda ake sayarwa a kowane teburi. Wasu wayoyin masu araha ba su da ma'aunin gaba ɗaya, kibiyar ba ta motsi sai mutum ya yi tafiya. To a duba yadda ake riƙe waya a nan. Namiji cikin harami ba shi da aljihu, wayar tana cikin bel. Mace tana sa ta a ƙaramar jaka ƙarƙashin hijabi, kuma ba za ta so ta riƙa ɗaga ta a cikin turmutsutsu ba. A duka halin biyu kibiya ba ta da amfani, girgiza ma ba a jinta. Murya ce ke aiki, ta abin sawa a kunne ɗaya, ɗaya kunnen a bar shi ya ji askar yana cewa "ɗariƙ, ɗariƙ," wato a ba da hanya, da masu tura keke. Muryar Hausar a fili take, ba ta sauri, kuma tana maimaitawa idan an taɓa maɓallin ƙara sauti sau biyu. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin manhajar. Ƙorafinmu ɗaya, tana faɗin kwana a daidai kan kwanar. A cikin jama'a mutum yana buƙatar taku ashirin zuwa talatin kafin ya ratsa zuwa gefen da zai juya.

Wani ƙaramin abu mai rikita mutane shi ne lambobin Larabci. Biyar ɗinsu (٥) kamar sifili take, shida (٦) kamar bakwai, sifili kuma ɗigo ne. Lambar motar salawat ko ta gini wani lokaci da Larabci kaɗai ake rubuta ta. Manhajar tana nuna kowace lamba a siffa biyu gefe da gefe, da manyan baƙaƙe. Wanda ya kawo wannan shawara ya san aikin.

A Mina duk tsarin alamomi ya rushe, don tantuna farare ne iri ɗaya har iyakar gani. Abin da ya rage shi ne lambar titi da lambar maktab, wato rukunin tantunan da aka sa mutum, sai manyan abubuwa kaɗan, Masallacin Khaif, gadar Jamrat, tashoshin jirgin ƙasa uku. A nan manhajar ta ajiye rabon jinsi, kowa lamba ake ba shi, kuma ba a ga wani ya rasa komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa masu ita cewa rabon bai zama dole ba. Abin da muka fi yaba mata a Mina shi ne ta ƙi neman yanke. Hanyoyin Jamrat masu zuwa dabam, masu dawowa dabam, kowane rukuni da lokacinsa. Turmutsutsun ranar 24 ga Satumba 2015, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka har da 'yan Najeriya masu yawa, a mahaɗar titi 204 da 223 ya faru, inda jama'a biyu suka gamu. Manhajar da za ta ce wa mutum ya juya ya bi gajeriyar hanya a cikin wannan wuri haɗari ce. Wannan idan mutum ya kauce, cewa take, "Ki ci gaba da bin jama'a, kada ki juya baya, za a nuna miki hanya a gaba." Dawowar takan yi tsawo, amma haka tsarin wurin yake.

Zafi ma abin lissafi ne. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, yawancinsu sun yi doguwar tafiya a rana. Wayoyi an ƙera su su yi aiki har zuwa kamar digiri 35. Allo a kunne, GPS a kunne, rana tana duka, wayar za ta rage haske da kanta ko ta mutu. Yanayin hotuna ya fi cin batir tunda allo ba ya hutawa. Akwai zaɓin "hanya mai inuwa da haske" wanda ke bi ta ƙarƙashin rumfuna da rana, ya kauce wa lungunan da ba kowa da dare. A yanayin mata kaɗai aka sa shi, kamar dattijo mai shekara saba'in rana ba ta dukansa.

Raba wuri da 'yan uwa yana aiki, amma a yadda ya zo, duk wanda ke rukunin kamfanin yana ganin ɗigon kowa a kowane lokaci. Mace ta shiga saiti ta mayar da shi ga mutum ɗaya ko biyu da ta zaɓa. Da ma haka ya kamata ya zo tun asali.

Ga mai saita wa iyaye ko baƙi, a yi shi a masauki inda akwai intanet. A sauke taswirar Makka da Madina da Mina gaba ɗaya, don a ranakun cunkoso data ba ta tafiya. A amsa tambayar jinsi da gaskiya, saboda ƙofofi da makewayi da murya sun dogara da ita. Daga nan a shiga saiti, a nemi "salon kwatance," a mayar da shi na alamomi ko da na namiji ne, sai in shi da bakinsa ya ce ya fi son taswira. Kada a ce masa an sa masa "na mata," a ce, "Baba, ga mai hoto, ga mai kibiya, wanne kuka fi gane wa?" A shigar da tsayinsa a wurin taku. A cire murfi mai maganadisu, a juya wayar a iska kamar ana rubuta 8 sau uku ko huɗu. A kashe tsarin tattalin batir ga wannan manhajar, don shi ke yanke mata wuri da zarar allo ya mutu. Alamar masauki a sa ta a tsaye a bakin ƙofar otal daga waje, ba daga ɗaki a hawa na goma sha biyu ba, inda ɗigon kan faɗa titin baya. A ɗauki hoton ƙofar da rana, a sake ɗauka da dare. Fawabank mai mAh 10,000 ya isa yini. Katin otal da katin Nusuk su zauna a wuya ko da wayar tana cike da caji, kuma a yi tafiyar farko zuwa Harami da dawowa tare da mutum, wayar tana magana, don ya ji yadda kalmominta suka dace da abin da idonsa ke gani.